Munzali Ɗan Toka da Gambar Gonar Inna

Ni Kubura, uwa ɗaya uba ɗaya muke da Munzali, don haka kada wani ya ce hassada ce ke cina. Ni na goya shi, ni na wanke masa kashi. In na ce wofi ne, na san abin da nake faɗa.

Shi ne autanmu, kuma shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Ranar sunansa Baba ya yi ta washe baki a ƙofar gidanmu na Daura, wai ya sami magajin fartanya. Allah sarki Baba! Mutum ne da kafin rana ta fito ya kai gonarsa ta hanyar Zango a kan keke, bai kuma taɓa sayen hatsi a kasuwa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Munzali ko sau ɗaya bai taɓa kai kunya ƙarshenta ba. Da an ba shi fartanya sai ciwon ciki, Inna kuma ta ce a ƙyale mata Auta, rana ba ta yi masa daɗi.

An kai shi koyon ɗinki, ya ce zaman wuri ɗaya na tsofaffi ne. An kai shi gareji, ya ce maigidan ba ya ganin girmansa. Girman me, oho. Bayan rasuwar Baba, Inna ta sayar da san da take kiwo ta saya masa babur ya shiga acaɓa. Ya ɗan ɗauki fasinja zuwa Mai'adua ranar kasuwa, sannan ya ce bayansa na ciwo, ya koma bakin titi da galan-galan yana bumburutun fetur. Kusa da inda yake tsayawa akwai wani gidan kallo na langa-langa, to nan ne aka ƙarasa lalata mana shi.

Wasu finafinan Turawa yake kallo, na arha, waɗanda kasetinsu ya sha hannu har hoton ya koɗe. Na taɓa ganin ɗaya da ya kawo gidana don ya burge mijina. Wai duniya ce ta ƙare. Amma ba irin ƙarewar da malamai suka gaya mana ba, babu busa ƙaho, babu hisabi. Mutanen kirki duk sun mutu, 'yan iska kaɗai suka rage. Ƙarti ne sun rataya tsofaffin tayoyi da sarƙoƙi, suna bin juna a kan titi da ruɓaɓɓun motoci, suna kashe juna a kan jarka ɗaya ta mai. Cikinsu akwai guda da aka kashe masa wani nasa, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, yana bin sauran ɗai-ɗai yana ramawa. Ba mai wanka, ba mai salla, ba mai noma. Wanda aka murƙushe da mota a farko ma na gan shi ya dawo can gaba da wata hular, aka sake murƙushe shi.

Na ce, "Munzali, su waɗannan me suke ci?"

Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Yaya, ke ba ki gane fim ba."

Daga nan ya canza. Ya cire wa babur ɗinsa salansa, unguwa ta rasa sakat. Ya daina sa hula, ya ɗaura baƙin ƙyalle a goshi. In ka gaishe shi sai ya ɗaga gira ɗaya. Yana tsaye kan galan huɗu na fetur, rabinsu gauraye da kananzir, yana gaya wa 'yan acaɓa cewa ranar da komai ya rushe mai fetur shi ne sarki. Sarki! Mutumin da har lokacin tuwon Inna yake ci, ita ke ba shi sabulun wanki.

A waɗancan shekarun ne aka ƙaddamar da shari'a, aka fara sa wa gidajen kallo ido, malamai suna ta faɗa a kan finafinan rawa da waƙa. Munzali ya ce to ga dama ta samu. Zai yi nasa fim ɗin, irin na ƙarshen duniya, da Hausa, a nan ƙasar Daura, kuma ba malamin da zai ce uffan, domin babu rawa, babu waƙa, babu mace ko ɗaya. Na ce ashe mu aka fara kashewa. Ya ce labari ne ya zo da haka. Ya raɗa wa fim ɗin suna Kwalta Ta Sha Jini, shi kuma jarumin, wato shi da kansa, Ɗan Toka. Ya samo wani Anwar mai ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu, ya tara abokansa 'yan acaɓa, ya ari wata akori-kura da ba ta tashi sai an tura. Abin da ya rage masa fili, fili mai faɗi wanda zai yi kama da inda duniya ta ƙone.

Sai ya je wa Inna neman aron gonarta. Da ni ya zo wa, da tun a zaure zan sallame shi da muciya, shi ya sa ma ba a gaya mini ba. Inna ta ce, "Bazara ce, ba komai a gonar sai guntayen kara. Je ka yi wasanka, Auta."

Bari in gaya muku yadda gonar nan take, don ita ce maganar. Ba mu raba ta ba bayan rasuwar Baba, mun bar wa Inna ta ci har iya rayuwarta, mazajenmu su ke taimaka mata da huɗa da girbi. Yawancinta jigawa ce, sai an sha wuya take ba da abu. Amma ta gabas akwai manyan gawo guda biyu, kuma duk manomi ya san abin da ke ƙarƙashin gawo. Geron wurin sai ya fi mutum tsayi, zangarniya kamar damtse. Rabin abin da ke shiga rumbun Inna daga gindin gawon nan yake fitowa, 'ya'yan gawon kuma su take tsinto wa awakinta da rani. Bayan gawon, can gabas da su, akwai layin gamba. Wannan ciyawar ita ce iyaka tsakaninmu da maƙwabcinmu na gona. Haka ake yi a wajenmu, ba dutse ba takarda, gamba ake dasawa, tana nan shekara da shekaru, a yanke ta a yi zana, ta sake tofowa. Kakanmu ne ya dasa wannan tare da mahaifin maƙwabcin.

Maƙwabcin shi ne Alhaji Ɗantsoho, mai sayen hatsi yana kaiwa ƙetaren iyaka. Tun Baba na da rai yake zuwa da murmushi yana cewa a sayar masa da wajen gawon nan, Baba yana cewa ba na sayarwa ba ne. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Kowa a gidanmu ya san wannan, ban da mai baƙin ƙyalle a goshi.

Abin da ya faru a gonar, Anwar ne ya ba ni labari daga baya, sauran kuma na gani da idona a kaset. Tun ranar farko abin ya zama abin dariya. An ce duniya ta ƙare ba kowa, amma da an kunna kyamara sai ga mai jaki ya ratso yana "Sannunku da aiki, samari!" Wata mai fura ta zo ta sauke ƙwaryarta a tsakiyar filin yaƙi ta ƙi tashi. Da Munzali ya shaƙe wuyan wanda ke fitowa a shugaban 'yan fashi, wani dattijo ya yar da kekensa ya rugo yana salati, ya raba su, ya ce ba zai tafi ba sai sun yi musabaha. Sai da suka yi kuwa.

Babbar matsalar ita ce tseren babura. Gonar Inna ba ta ishe su ba, sai sun zarce cikin ta Alhaji, kuma duk wanda ya zo kan layin gamba da gudu sai kututturen ciyawar ya watsar da shi. Wani har ya bar haƙori a wurin. Munzali ya hau bala'i, wai wace irin ƙarshen duniya ce wannan da ciyawa a jere kamar an ja ta da igiya.

Alhaji Ɗantsoho yana zaune a kan buzunsa a inuwa, ya zo kallo. Ya ce, "Haba ɗana, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ku yi ta wasanku har cikin tawa, ban hana ba. Gobe zan turo maka yarana su share maka ita."

Da ƙona ta kawai aka yi, da ba komai, ruwan farko zai tayar da ita. Amma 'yan ƙwadagon Alhaji da diga suka zo. Suka bi layin nan tun daga kudu har arewa suka tumɓuke gambar da saiwarta, suka cike ramukan, suka baje ƙasa, suka tara ciyawar a tsakiyar fili. Munzali da hannunsa ya tuttula mata fetur ya ƙyasta ashana, ya ce wa Anwar ya ɗauka, wai birni ne ke cin wuta. Sannan babura suka yi ta zarya a wurin har ba a gane ko tsinke ya taɓa tsirowa. Alhaji bai karɓi ko sisi ba, har shinkafa da wake ya aiko musu da rana. Munzali ya dawo gida yana cewa a duk Daura mutum ɗaya ne ya san darajar fasaha.

Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta ɗauki irinta a ƙwarya ta bi mijina zuwa gona. Suka tarar garmar shanun Alhaji ta riga su. Kunyoyinsa sun taso daga gonarsa sun wuce gindin gawon duka biyu, sun shigo cikin tamu, kuma a bakin inda suka tsaya an dasa sabuwar gamba, ƙanana, a jere, yamma da gawon. Mijina ya ce Inna ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙwaryar ne kawai ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na yafa mayafi na nufi wajen Munzali a bakin titi. Na ce, "To Ɗan Toka, mai ramuwa, ga ranarka ta zo. An cinye gonar uwarka."

Ya waiga hagu da dama kada abokansa su ji. Ya ce, "Yaya, a bi a hankali. Alhaji babban mutum ne. Wataƙila kuskure yaransa suka yi."

"Kuskuren ne ya dasa gamba?"

Ya sunkuyar da kai yana goge mazurarin fetur da gefen rigarsa.

Muka je wa mai unguwa. Tsohon mai unguwar da ya san gonakin nan kamar tafin hannunsa ya rasu, ɗansa ne a kai, shi kuma ya ce bai taɓa lura ba. Maƙwabta kowa ya yarda da akwai gamba, amma da aka zo kan ko tana gabas da gawo ko yamma, sai kowa ya kama tari. Ban ga laifinsu sosai ba, garmar shanun Alhaji suke ara, shi ke sayen geronsu. Mu 'ya'ya da surukai an ce muna da rabo a ciki, maganarmu ba za ta zama shaida ba. Haka muka dangana da kotun shari'a. Alƙali ya saurari Inna da kyau, sannan ya ce wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida, in babu, wanda ake ƙara ya rantse.

Anwar ne ya zo har gidana, yana jin kunya, ya ce ai ranar farko ya yi ɗauka tun gambar tana nan, kuma kaset ɗin farko yana wurin Munzali, ba a yanke komai ba. Wallahi har guɗa na yi. Na ce ashe wannan shirmen zai yi rana.

Kun san abin da ɗan'uwana ya ce? Ba zai bayar ba. Wai fim bai fito ba, in aka nuna a bainar jama'a za a sace masa labari. Labarin me? Na ture shi na shiga ɗakinsa, na ɗaga katifa, na ɗauko kaset ɗin. Ya biyo ni tsakar gida yana "Yaya, Yaya," na juyo na ɗaga masa hannu, sai ya ja da baya har yana tuntuɓe da turmi. Wannan shi ne wanda ke kashe ƙarti goma shi kaɗai a fim.

Alƙali ya ce kaset ba mutum ba ne balle ya ba da shaida, amma a kawo a gani, ko Allah zai sa ya haska wani abu. Ranar zaman aka shigo da talabijin da bidiyo, aka tayar da janareto a bayan taga. Kotu ta cika har waje. Inna tana gefena a kan tabarma, ita da ba ta taɓa zama gaban talabijin ba. Alhaji yana can gefe da carbinsa. Munzali ya zo da baƙin tabarau, sai da ɗan sandan kotu ya ce ya cire.

Anwar ya danna. Sai ga fuskar Munzali ta cika gilashin, an shafe ta da baƙin mai, taya a kafaɗa, kacar babur a wuya. Ya zare ido ya ce, "Duk wanda ya taɓa nawa, ko ƙarƙashin ƙasa ya shiga sai na tono shi." Ya sake faɗa. Ya kuma sake faɗa, wai na farkon bai fito da kyau ba. Muka yi ta kallon hancinsa da haƙoransa. Daga nan Munzali a kan babur, kusa-kusa. Munzali yana shan ruwa daga jarka. Munzali yana kallon sama.

Can sai hoton ya fara tafiya a hankali, ya bar fuskarsa ya nufi gabas. Ga guntayen kara, ga jikin gawo na farko ya shigo. Na damƙe hannun Inna. Saura ƙiris, wallahi saura ƙiris a wuce gawo na biyu. Sai muka ji murya daga cikin talabijin, kowa a kotun ya ji:

"Kai Anwar! Ni ka zo ɗauka ko ciyawa?"

Hoton ya fizgo ya dawo kan fuskarsa.

Alƙali mutum ne mai haƙuri, ya ce a ci gaba. Kusa da ƙarshen ɗaukar ranar akwai wani wuri da Munzali ya tsaya ƙiƙam, hannu a ƙugu, gawo ɗaya ta kafaɗarsa ta dama, reshen ɗayan ta hagu. Daidai inda gambar take, nan ƙaton kansa da ƙyallen nan suka tare. Inna ta gane wurin. Ta miƙe da ƙyar, ta matsa gaban talabijin, ta karkata kai gefe tana leƙen bayansa. Ta koma ɗaya gefen ta leƙa. Sannan ta ce, a hankali, yadda take masa magana tun yana rarrafe:

"Auta, kauce. Ɗan kauce kaɗan in nuna wa Malam."

Ba wanda ya yi dariya. Shi kuwa na cikin gilashin yana nan tsaye yana muzurai, har hoton ya ɗauke. Abin da ya biyo baya wutar gamba ce.

Alhaji Ɗantsoho ya yi alwala, aka miƙa masa Alƙur'ani, ya rantse cewa gawon nan a gonar mahaifinsa suke. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Wannan tsakaninsa da Allah, akwai ranar da ba a zuwa da 'yan ƙwadago. Alƙali ya yanke abin da shari'a ta ba shi ya yanke, ban riƙe shi da komai ba. Da muka fito ina riƙe da Inna, sai na hangi Munzali a gindin motar Alhaji, ya durƙusa har ƙasa, ya dunƙule hannu yana "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya." Na tofar da yawu. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Fim ɗin fa? Ya kai shi Kano, wani ɗan kasuwar kaset ya kalli kaɗan ya miƙo masa abinsa, ya ce wa zai sayi fim ba waƙa ba mace. A gidan kallon nan na langa-langa aka taɓa nuna shi, 'yan kallo suka yi ta cewa a maido wajen mai jaki. Sunan Ɗan Toka dai ya bi shi, shi kuma yana amsawa da fara'a, bai san zagi ba ne.

Tun daga shekarar rumbun Inna bai sake kai ta kaka ba. Mu mata muke haɗa mata kwano-kwano daga gidajen mazajenmu, ita da ba ta taɓa cin hatsin wani ba. Awakin ma ta sayar, ba 'ya'yan gawon da za ta tsinto musu. In mijina zai kai ta gona, sai ta ce su bi ta yamma. Ba ta taɓa ce wa Munzali komai ba. In na fara, sai ta ce, "Kubura, bar shi, yaro ne." Yaro mai furfura a gemu.

Bazarar da ta wuce ina gidan, ina auna wa Inna geron da na kawo, sai ga shi ya faɗo da babur ɗinsa mara salansa, baki har kunne. Ya zauna ya jawo kwanon tuwo ya ce albishirinmu, zai yi kashi na biyu, Ɗan Toka zai dawo ya ƙarasa ramuwa.

Na ce, "A gonar wa kuma?"

Ya ce, "Alhaji Ɗantsoho ya ba ni aron tasa, wajen gawon nan, kyauta. Mutumin kirki ne wallahi, ku ne ba ku fahimce shi ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa mini, kada a taɓa masa gamba."

Ya kai loma, ya haɗiye, ya dubi Inna yana taƙama.

"Na ce masa haba Baba Alhaji, ai iyaka ce. Wa zai taɓa iyaka?"